Sunaye Hawa-Hawa: Darasin Sunayen Wurare daga Mosi-oa-Tunya zuwa Damagaram

1.0 Gabatarwa

A kan iyakar ƙasashen Zambiya da Zimbabwe, a kudancin Afirka, kogin Zambezi yakan taho a shimfiɗe har sai ƙasa ta yanke a gabansa, ruwan ya faɗa cikin wani tsagi mai zurfin da ya kai mita 108. Faɗin bakin da ruwan yake faɗowa ya kai mita 1,708. Wurin yana cikin waɗanda masu yawon buɗe ido suka fi ziyarta a nahiyar Afirka, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a shekarar 1989. Taswira da tikitin jirgin sama suna kiran sa Victoria Falls, alhali mutanen da ke zaune a gefensa suna da nasu sunayen da suka girmi wannan.

Wannan darasi zai bi sawun mai ziyarar wurin domin gabatar da wani reshe na kimiyyar harshe, wato nazarin sunayen wurare. Daga nan zai dawo da ma'aunin gida, ƙasar Damagaram, inda gari irin Dakusa yake da kama ɗaya a bakin mutanensa da wata kama daban a allon bakin hanya. Abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne cewa sunan wuri hawa-hawa yake zuwa, kowane hawa yana nuna al'ummar da ta taɓa samun ikon raɗa suna, kuma aikin mai nazari ne ya tono hawan da ke ƙasa kafin masu riƙe da shi su ƙare.

2.0 Abin da Mai Ziyara Yake Gani da Abin da Yake Ji

Matafiyin da ya taso daga Dakusa, ƙaramar hukumar da ke cikin gundumar Takieta a jahar Damagaram, zai fara shiga birnin Damagaram, ya zarce Kano ko Yamai, ya hau jirgi zuwa Adis Ababa, sannan ya nufi kudu. Ya baro ƙasar da ruwan samanta ba ya cika kai milimita 500 a shekara, inda ƙarancin ruwan sha ya daɗe yana damun babban birninta, zai je ya tsaya gaban kogin da ke zuba dare da rana.

Tun daga nesa da tazarar kilomita masu yawa ake hango feshin ruwan ya tashi sama kamar hayaƙin gobarar daji, kuma kunne yakan ji rugugin kafin ido ya ga ruwan. Ruwan yakan kai maƙura wajen watan Afrilu, lokacin da feshin kan jiƙa mai kallo sharkaf har ya rufe masa gani. Wajen Oktoba da Nuwamba kuwa yakan ja baya, duwatsun gefen Zambiya su fito fili. A ƙasa da mafaɗar akwai gadar ƙarfe da aka kammala a 1905, wadda ta haɗa ƙasashen biyu.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ga ɗalibin harshe, jin ma yana da nasa rabon a wannan tafiya. A gefen Zimbabwe, garin da gandun dajin da ke kewaye da ruwan duka suna amsa sunan Victoria Falls. Idan aka tsallaka gada zuwa Zambiya, gandun dajin sunansa Mosi-oa-Tunya, garin da ke kusa kuma Livingstone. Sassan ruwan ma an raba musu sunayen Ingilishi, wani an danganta shi da Shaiɗan, wani da bakan gizo, wani da takalmin doki. Mai ziyara da ya tsaya ga karanta alluna zai koma gida da sunayen da aka rubuta kawai.

3.0 Hawa Uku na Suna

3.1 Victoria Falls

Ranar 16 ga Nuwamba, 1855, David Livingstone, ɗan mishan kuma matafiyi daga Birtaniya, ya iso wurin cikin kwalekwale, ya leƙa tsagin daga wani tsibiri da ke bakin mafaɗar. Ya raɗa wa ruwan sunan sarauniyar ƙasarsa, Biktoriya, wadda ba ta taɓa taka wurin ba. Irin wannan shi ake kira sunan tunawa. Ba ya bayyana komai game da kamannin wurin, iyakarsa ya ɗaura wurin ga wani mutum mai iko. Daga baya garin da ke gefen arewa ya ɗauki sunan shi kansa matafiyin, ya kuma zama hedikwatar mulkin mallakar Rodeshiya ta Arewa daga 1911 zuwa 1935, lokacin da aka mayar da ita Lusaka.

Bayan samun ƴancin kai, Zambiya a 1964 da Zimbabwe a 1980, an sauya sunaye da dama. Broken Hill ya koma Kabwe, Fort Jameson ya koma Chipata, Salisbury ya koma Harare a 1982. Livingstone da Victoria Falls kuwa sun tsira, kuma babban dalilin da akan kawo shi ne kasuwar yawon buɗe ido, domin da waɗannan sunaye baƙi suka san wurin. UNESCO ta rubuta sunayen biyu a jere, na gida a gaba. A 2022 kuma babban bankin Zimbabwe ya fitar da tsabar zinariya mai suna Mosi-oa-Tunya.

3.2 Mosi-oa-Tunya

Wannan suna ne na siffantawa. Kalmar mosi tana nufin hayaƙi, tunya aikatau ne mai nuna ƙara, oa kuma ita ce mahaɗin da ke ɗaure aikatau ga sunan. Ke nan suna ne mai ƙirar jimla, irin abin da Hausa take yi a harɗaɗɗun sunaye kamar hana-salla da faɗi-ka-mutu da dafa-duka. Rubutun oa tsohuwar hanya ce ta ƴan mishan wajen rubuta sautin wa, abin da zai sake bayyana idan an zo kan Damagaram.

Wajen fassara shi zuwa Hausa akwai zaɓi tsakanin tsawa da rugugi. Tsawa ƙara ce mai faɗowa lokaci guda ta wuce, rugugi kuwa, kamar cida, yana ɗorewa. Tunda ƙarar ruwan ba ta yankewa, hayaƙi mai rugugi ya fi kusa da abin da kunne ke ji.

Sau da yawa akan ɗauka cewa wannan shi ne sunan asali. Tarihi ya nuna akwai gyara. Mutanen da suka raka Livingstone Makololo ne, talakawan Sarki Sekeletu, kuma su ma baƙi ne a wannan yanki. Mahaifinsa Sebetwane ne ya taso da su daga kudu mai nisa, suna magana da wani harshe na dangin Sesotho, suka ci ƙasar Lozi da yaƙi. Mulkinsu ya faɗi a 1864, amma harshensu ya zauna, shi ne tushen harshen Silozi na yau. Saboda haka Mosi-oa-Tunya ma suna ne da masu nasara suka raɗa.

3.3 Sunayen da ke Ƙasa

Al'ummar Tonga, waɗanda Makololo suka tarar a bakin kogin, suna kiran wurin Shungu Namutitima, wanda akan fassara da ruwa mai tafasa. Amandebele da Nambya su ma suna da nasu sunayen. Waɗannan ba su cika hawa allo ko tikiti ba. Tambayar wane ne sunan gaskiya ba ta da amfani sosai ga mai nazari. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: wa ya raɗa, da wane harshe, a wane zamani, kuma wane suna ya tarar a wurin?

4.0 Yadda Hausa Take Kiran Irin Wannan Wuri

Ƙasar Hausa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma kalmominta na ruwa suna nuna haka. Akwai gulbi da kogi da rafi da ƙorama da tafki da kududdufi da fadama da rijiya, kowanne da iyakarsa. Ruwan da ke faɗowa daga kan dutse kuwa ba abu ne da mutumin Dakusa ko na Katsina yake gani kullum ba. A Nijar sai an je tsaunukan Ayar, kusa da Timiya, ake samun irinsa. Don haka harshen yakan koma ga ƙirar kalma.

Hausa tana gina sunan wuri daga aikatau ta hanyar ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -a ko -i. Daga karanta aka sami makaranta, daga jeme majema, daga ƙera maƙera, daga sauka masauki. Irin waɗannan sunaye duka gaɓoɓinsu karin sama ne, kuma karin ne yake raba maƙera, wurin ƙira, da maƙera, jam'in maƙeri, inda gaɓar tsakiya take sauka ƙasa. Da wannan ƙira za a iya samun kalmomi huɗu:

(a) Magangarar ruwa, daga gangara. Abin da ke gangarawa yana manne da ƙasa, yana bin tudu zuwa kwari.

(b) Makwararar ruwa, daga kwarara. Wannan ta riga ta zama sunan hanyar da ruwa ke bi a cikin gari, don haka za ta kawo ruɗani.

(c) Mafaɗar ruwa, daga faɗa. Tana nuna saukowa daga sama, amma hankalinta ya fi karkata ga inda ruwan yake sauka.

(d) Matsirgar ruwa, daga tsirga, wato dirowa daga wuri mai tsawo. A nan ruwan ya rabu da dutsen, ya bi iska.

Ta huɗun ita ta fi dacewa da Mosi-oa-Tunya, kuma ba sabuwar ƙira ba ce. Kusa da Kafanchan, a kudancin jihar Kaduna ta Najeriya, akwai ruwan da aka sani da Matsirga. Haka kuma a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa akwai Farin Ruwa, suna na siffantawa mai ƙirar sifa da suna, wanda ya ɗauki launin kumfa kamar yadda Makololo suka ɗauki kamannin feshi.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin Hausa. Kafanchan ƙasar al'ummar Fantswam ce, kuma suna kiran wannan ruwa Kabyek a harshensu. Sunan Hausa ne ya hau taswira, nasu ya zauna a baki. Wato a wannan wuri Hausa ce take zaune a matsayin da Ingilishi yake zaune a bakin Zambezi. Wanda ke kukan yadda Faransanci ya danne sunayen Hausa ya kamata ya san cewa Hausa ma ta hau kan wasu.

5.0 Hawan Suna a Damagaram

Daular Damagaram ta kafu ne a ƙarni na 18 a hannun zuriyar Barebari, tana biyan gaisuwa ga Borno, kuma ta yi ƙarfi sosai a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Sunan ya fara ne a matsayin sunan gari, wanda a yau ake kira Damagaram Takaya. Daga nan ya faɗaɗa ya rufe daular gaba ɗaya, sannan ya sauka a kan babban birninta. Wannan misali ne na yaɗuwar ma'ana: daga gari zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa fada.

Ganin cewa Bahaushe yana cewa Damagaram, takardun hukuma kuma suna cewa Zinder, wasu sukan zaci Turawan Faransa ne suka ƙago na biyun. Hujja ba ta goyi bayan haka ba. Matafiya James Richardson da Heinrich Barth sun sauka a birnin a farkon shekarun 1850, kusan rabin ƙarni kafin zuwan sojan Faransa, kuma da sunan Zinder suka ambace shi. Abin da mulkin mallaka ya yi shi ne zaɓen ɗaya daga cikin sunaye biyu na gida ya ba shi hatimi. Don haka Zinder da Victoria Falls ba ajinsu ɗaya ba.

Sunan da ya yi daidai da Victoria Falls yana kan duwatsun birnin. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yulin 1899 sojan Faransa suka ci nasara a Tirmini, wadda a yau take gunduma ɗaya da Dakusa, suka shiga birnin, suka raɗa wa sansanin da suka kafa sunan wannan hafsa. Daga baya sansanin ya koma amsa sunan Tanimun, sunan tunawa ya maye gurbin sunan tunawa. Birnin ya riƙe hedikwatar mulkin mallakar Nijar daga 1911, shekarar da garin Livingstone ya sami irin wannan matsayi, har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai.

Sauya suna bai tsaya ba. Jami'ar birnin a yau tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin da ya rubuta littafi a kan daular Damagaram ta ƙarni na 19. A watan Oktoban 2024 kuma hukumomin Yamai suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi suka sa na Djibo Bakary.

Unguwanni da ƙauyuka kuwa galibinsu sunayen siffantawa suke ɗauke da su, kuma mai jin Hausa yana iya fasa su. Birni yana nuna ganuwa. Zango yana nuna masaukin ayarin fatake. Sabon Gari da Garin Malam da Baban Tapki ba su buƙatar sharhi. Magarya sunan itace ne. Share-Zamna kuwa aikatau biyu ne a jere cikin sigar umarni, ɗan'uwan Mosi-oa-Tunya a wajen ƙira, kuma ya adana zamna ta karin harshen yankin a inda daidaitacciyar Hausa take cewa zauna.

6.0 Hawan da Ba a Lura da Shi: Rubutu

A ƙasar Damagaram da maƙwabtanta, mulkin mallaka bai sauya sunayen garuruwa da yawa ba. Abin da ya bari shi ne rubutu bisa ƙa'idar Faransanci, wanda shi ma hawa ne mai zaman kansa. Ga manyan hanyoyin da ya bi:

(a) Wasalin u ya zama ou, sautin wa ya zama oua: Dakusa ta zama Dakoussa, Madawa ta zama Madaoua, Tawa ta zama Tahoua. Wannan ita ce dabarar da ta haifar da oa a Mosi-oa-Tunya.

(b) An ninka s tsakanin wasula domin kada Bafaranshe ya karanta ta z. A Hausa ninka baƙi yana sauya ma'ana, kamar a daba da dabba. Yaron da ya koyi ƙa'idar rubutun Hausa, idan ya ga ss a Dakoussa, zai iya ɗaure baƙin da ba a ɗaure yake ba.

(c) An rubuta c da tch, sh kuma da ch: Kance ta zama Kantché, Share-Zamna ta zama Charé Zamna.

(d) Baƙaƙe masu lanƙwasa sun ɓace: Maraɗi ta zama Maradi, Ɗan Barto ya zama Dan Barto.

(e) Wani lokaci wasalin kansa ya sauya: Tasawa ta zama Tessaoua.

Illar wannan ba ta tsaya ga allo ba. Rubutu yakan juyo ya gyara furuci, har a ji matashi ɗan makaranta yana kiran garinsu yadda aka rubuta shi, ba yadda kakarsa take faɗa ba. Taswirorin wayar salula ma wannan rubutun suka kwafa. Idan kuma aka rubuta wurin haihuwar mutum da siffa ɗaya a takardar haihuwa, da wata siffa a takardar jarrabawa, wahalar gyara a kansa take faɗawa. Taron Bamako na 1966 ya aza harsashin rubuta Hausa da sauran harsunan yankin bisa ƙa'ida ɗaya, kundin da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk ranar da aka tashi sake rubuta allunan hanya, za a nemi wanda ya san ainihin furucin kowane gari, da harshen da sunan ya fito, domin a Damagaram akwai sunayen Barebari da na Fulani da na Buzaye waɗanda ba daidai ba ne a tilasta musu rigar Hausa.

7.0 Matakan Tattara Sunan Wuri

Ɗalibin da ya fita ziyara, ko zuwa Zambezi ko zuwa kasuwar ƙauye, zai iya bin waɗannan matakai:

Na ɗaya, ya naɗi furucin sunan daga bakin aƙalla mutum uku ƴan asalin wurin, maza da mata, tsofaffi da matasa, sannan ya rubuta shi da alamar karin sauti da tsawon wasali.

Na biyu, ya tambayi yadda sauran al'ummun yankin suke kiran wurin. Makiyayi yakan san rijiya da sunan da manomi bai sani ba.

Na uku, ya fasa sunan bisa ƙira: tilo ne, ko harɗaɗɗe, ko mai siffar jimla? Na siffantawa ne ko na tunawa?

Na huɗu, ya rubuta labarin da mutane suke bayarwa game da asalin sunan, amma ya ajiye shi a matsayin labari har sai wata hujja ta tabbatar da shi. Kunne yakan yi gaggawar haɗa suna da kalmar da ta yi kama da shi. Mai jin Dakusa zai iya tuna dakushe ko dakusar da, amma kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne. Sai karin sauti da tsawon wasali sun dace, tarihin kafuwar garin kuma ya ba da dalili.

Na biyar, ya nemi tsofaffin siffofin sunan a rubuce: takardun ajami na malamai da na fada, rahotannin matafiya, da taswirorin zamanin mallaka, ya jera su bisa shekaru.

8.0 Kammalawa

Darasin ya nuna hawa uku na suna a kan ruwa guda a bakin Zambezi: na Tonga, na Makololo, da na Ingilishi. Ya nuna cewa ƙirar ma- tana ba Hausa damar kiran irin wannan wuri, kuma matsirga ce ta fi dacewa. Ya kuma rarrabe abubuwa uku a Damagaram waɗanda akan cakuɗa: sunan gida da hukuma ta fifita, kamar Zinder, sunan tunawa da baƙo ya raɗa, kamar na sansanin Cazemajou, da sunan gida da aka rubuta da ƙa'idar wani harshe, kamar Dakoussa. Kowanne da irin maganin da yake buƙata.

A matsayin aikin gwaji, ana shawartar kowane ɗalibi ya zaɓi ƙauyuka goma daga ƙaramar hukumarsa, ya bi matakai biyar na sashe na bakwai, ya jera furucin gida kusa da rubutun hukuma, ya kuma nuna wanne daga cikin sauye-sauye biyar na sashe na shida ya shafi kowane suna. Zai fi kyau a fara da sunayen rijiyoyi da tafkuna da duwatsu, domin su ne ba su cikin kowace takarda, kuma tsofaffin da suka san su ba su da yawa.